Namiji Ma Ana Cin Zarafinsa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokokin Fyaɗe da Neman Lalata a Wurin Aiki a Najeriya

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin maza iri biyu: wanda aka matsa masa da neman lalata a wurin aiki ko aka yi masa ta ƙarfi, da wanda aka zarga da abin da ya rantse bai aikata ba. Iyayen yara maza ma suna yin wasu daga ciki. Dokokin laifi a Najeriya sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka kafin ka ɗauki mataki ka zauna da lauyan da ya san dokar jiharka.

Da gaske ne dokar Najeriya ba ta san ana yi wa namiji fyaɗe ba?

Ya danganta da jihar da abin ya faru. Tsofaffin kundayen laifuffuka guda biyu duk sun ɗauki fyaɗe a matsayin abin da namiji ke yi wa mace. Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa ranar 30 ga Satumba 1960, ya buɗe sashe na 282 da cewa namiji ne ke aikata fyaɗe idan ya sadu da mace ba da yardarta ba. Kirminal Kod da ake bi a Kudu, wanda ke nan tun 1916, a sashe na 357 mace ko yarinya kawai ya ambata. Kundayen shari'ar Musulunci da jihohi suka rubuta, tun daga na Zamfara a 2000, su ma a kan wannan layi suka tafi. A ƙarƙashin waɗannan dokoki, ko ƙarti uku ne suka danne saurayi suka yi masa abin da suka ga dama, takardar tuhuma ba za ta kira abin da sunan fyaɗe ba.

Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ita ce ta sauya wannan ma'ana. Bayaninta na nan ƙasa.

Me ya sa tun farko aka rubuta dokar haka?

Gado ne. Final Kod ɗinmu an kwaso shi daga kundin laifuffukan Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860, wanda Turawan Ingila suka tsara. A tunanin masu rubuta doka na wancan zamani, ɓarnar fyaɗe tana ga budurcin mace da cikin da za ta iya ɗauka da nasabar ɗan da za a haifa da mutuncin gidan su. Namiji ba ya ɗaukar ciki, don haka bai shigo lissafi ba. Akwai kuma gaskiyar da ba ta canza ba har yau: mafi yawan waɗanda ake yi wa fyaɗe mata ne, mafi yawan masu yi maza ne. Doka ta dubi masu yawa ta manta da saura. Ingila kanta sai a 1994 ta yarda a rubuce cewa ana yi wa namiji fyaɗe.

To idan namiji ya yi wa ɗan'uwansa namiji ta ƙarfi a inda Final Kod ke aiki, da me ake tuhumarsa?

Da sashe na 284, wato saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Ko kuma sashe na 285, aikata alfasha a jikin wani ba da yardarsa ba, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 7. A kotun shari'ar Musulunci kuwa luwaɗi ake kiransa. Ka kwatanta da fyaɗen mace, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin rai-da-rai.

Amma bambancin shekaru ƙaramar matsala ce idan aka duba babbar. Sashe na 284 bai damu da ko an yarda ko ba a yarda ba, aikin kansa ya haramta. Wannan ya sa wanda aka zalunta yake jin tsoron kada ya shiga caji ofis a matsayin mai ƙara ya kwana a bayan kanta a matsayin abokin aikata laifi, musamman tun bayan da aka sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014. A doka wanda aka tilasta ba shi da laifi, kuma malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa babu haddi a kan wanda aka yi wa dole. Sai dai kafin a kai ga alƙali akwai ɗan sandan da ke kan kanta, wanda zai ajiye biro ya dubi saurayin sama da ƙasa ya ce, "Kai da gemunka? Ina hannuwanka suke?" Na gefensa ya ƙara da, "Faɗi gaskiya dai, tun yaushe kuke yi?" Wanda ya san wannan ke jiran sa, sau da yawa gida yake komawa ya yi wanka ya yi shiru. Idan kai ne a wannan hali, kada ka je kai kaɗai, kuma ka fara ta asibiti, kamar yadda aka bayyana a tambayar kwanakin farko.

Me dokar VAPP ta canza, kuma tana aiki a jihata?

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu ranar 25 ga Mayu 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka. Sashenta na 1 ya ce mutum, namiji ko mace, ya aikata fyaɗe idan da gangan ya shigar da wani sashe na jikinsa ko wani abu daban cikin farji ko dubura ko bakin wani mutum ba da yardarsa ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar ƙarfi ko barazana ko yaudara ko sa maye. Hukuncin ɗaurin rai-da-rai ne. Mafi ƙarancinsa shekara 12 ba zaɓin tara, idan taron dangi aka yi kuma shekara 20. Kotu na iya ba da diyya, ana kuma sa sunan mai laifin a rajistar masu laifin lalata, wadda aka ƙaddamar a Nuwamban 2019.

Dokar tarayya ce, saboda haka da kanta a Babban Birnin Tarayya kawai take aiki, inda hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ke kula da aiwatar da ita. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa a 2021. Yawancin jihohi sun motsa ne bayan da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a Yunin 2020, Kano kuma ita ta fi kowa jinkiri. Jihohi ba kwafa suka yi kalma da kalma ba, wasu sun sauya hukunci, wasu sun cire sassa. Wani abin da ke faruwa kuma shi ne, ko a jihar da ta amince da dokar, ɗan sanda mai bincike yakan rubuta tuhuma da Final Kod ɗin da ya saba da shi. Lauyanka na da damar rubuta wa ma'aikatar shari'a ya nemi a yi tuhumar da sabuwar doka.

Mace za ta iya yi wa namiji fyaɗe a idon doka?

A Final Kod a'a, iyakarta a kama ta da taimaka wa namijin da ya aikata. A VAPP i, amma da sharaɗin ita ce ta shigar da wani abu jikinsa. A nan ne giɓin da ya rage yake. Macen da ta sa wa namiji ƙwaya a lemo, ko ta tsare shi da barazanar kora daga aiki ko ta yi masa ihun kwarto har ya sadu da ita ba da son ransa ba, ba ta shigar da komai jikinsa ba, don haka lafazin sashe na 1 bai kama ta kai tsaye ba. Abin da ya rage shi ne sashe na 5 na VAPP, tilasta wa wani aikata abin da zai cutar da jikinsa ko hankalinsa, wanda ɗaurinsa bai wuce shekara 2 ba, ko sashe na 285 na Final Kod da aka ambata a sama. Ingila ta toshe irin wannan giɓi a dokarta ta 2003 da laifi na musamman, sa wani yin jima'i ba da yardarsa ba, kuma hukuncinsa na iya kai rai-da-rai.

Masu cewa ai idan ba ya so jikinsa ba zai motsa ba, likitoci sun daɗe da rushe wannan magana. Motsin gaba aikin jijiyoyi ne, yana faruwa ga mai barci da wanda ke cikin maye da wanda tsoro ya kama. Jihar Kaduna ta nuna cewa majalisa na iya ganin mace a matsayin mai laifi: gyaran da Gwamna Nasir El-Rufai ya sa wa hannu a Satumban 2020 ya tanadi dandaƙa ga namiji, da cire bututun ƙwan haihuwa ga mace, idan an same su da yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ko wannan irin hukunci ya dace, wata muhawara ce daban.

Ɗana ƙarami aka lalata. Shi ma wannan giɓi ya shafe shi?

Yara sun fi manya kariya a rubuce. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 31, ta hana kowa saduwa da yaro, ba ta ce mace ko namiji ba, ta kira abin fyaɗe, ta sa ɗaurin rai-da-rai, ta kuma ce yardar yaron ba hujja ba ce. Jihohin Arewa da dama sun yi tasu da sunan Dokar Kare Yara, wasu da canji a kan wanda ake kira yaro.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. A Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan maza manya da yara, wasu daga cikinsu sun ba da labarin lalatar da aka yi musu. Wanda aka fi saurin yi wa rufa-rufa shi ne yaron gida ko almajirin da uwar ɗakinsa ta ja shi ɗaki. Idan labarin ya fito majalisa, dariya ake yi, a ce yaro ya faso gari. Da ƙanwarsa ce mai gida ya ja ɗaki, ba wanda zai yi dariya.

A wurin aiki fa, wace doka ce ta hana neman lalata, kuma ta haɗa da maza?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, ko kalma ɗaya ba ta ce a kan wannan ba. Kariyar daga wasu wurare ta zo. Gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron duk wata ƙara da ta taso daga wariya ko neman lalata a wurin aiki. Ƙa'idojin kotun na 2017 sun ware babi na 14 ga irin waɗannan ƙararraki, sun kuma rarrabe su: taɓa jiki, maganganun batsa, ishara ko nuna hotuna, da cinikin "ba ni in ba ka", wato a ɗaura ƙarin girma ko albashi ko tsira daga kora a kan biyan buƙata. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Nuwamban 2022, wadda ta shafi kowane ma'aikaci. Dokokin aikin gwamnati sun sa neman lalata cikin manyan laifuffukan da ke iya jawo kora. Legas ta mai da shi laifi mai ɗaurin shekara 3.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya ce mata kawai. Shari'ar da ta buɗe ƙofa, ta Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft na Najeriya a Disamban 2013, mace ce ta shigar, amma sassan tsarin mulkin da aka dogara da su, na 34 kan mutuncin ɗan'adam da na 42 kan hana wariyar jinsi, naka ne kamar yadda suke nata.

Idan dokar wurin aiki ba ta ware kowa ba, ina son kan yake?

A hannun masu aiki da ita. Ofishin da ke karɓar irin wannan koke a jihohi yawanci a ma'aikatar harkokin mata yake. Fastar da ke manne a bango hoton mace ce tana kuka, namiji na tsaye a kanta. Takardar manufofin kamfani za ta ce "ma'aikaci", amma wanda ke horar da ma'aikata duk misalansa oga namiji ne da sakatariya. Namijin da ya zo da koke sai ya fara gamsar da mutane cewa abin na iya faruwa ma, kafin a zo ga ko ya faru. Abokan aikinsa kuma amsarsu ɗaya ce: "Kai ka samu, kana kuka?"

Inda aka buɗe ƙofa sosai maza suna shigowa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1998, a shari'ar wani ma'aikacin haƙar mai a teku mai suna Joseph Oncale, cewa dokar ta kare namiji ko da maza ne suka tsangwame shi. A ƙasar, kusan ɗaya cikin shida na koke-koken neman lalata da ke isa hukumar tarayya mai kula da daidaito a wurin aiki daga maza suke fitowa.

Ogata mace ce, kuma ta matsa mini. Me zan yi ba tare da na rasa aikina ba?

Yawanci ba da babban abu ake farawa ba. "Kai kullum ƙamshi kake, wane turare ne wannan?" Sai kira bayan isha'i a kan fayil ɗin da zai iya jira har Litinin. Sai tafiyar aiki a ce kai kaɗai za ka raka ta, ka tarar ɗakunanku a otal ƙofa da ƙofa. Ranar da ka noƙe, sai kweri ya fara sauka a teburinka kan lattin minti goma da a da ba a kulawa da shi. Wannan jeri na lokaci shi ne shaidarka mafi ƙarfi, don haka ka rubuta shi tun yanzu: rana, wuri, abin da aka faɗa, wanda yake kusa.

Ka ƙi a rubuce sau ɗaya, cikin ladabi kuma ƙarara: "Ranki ya daɗe, ina girmama ki, amma don Allah mu tsaya a kan aiki. Irin waɗannan saƙonni ba na jin daɗinsu." Kada ka amsa da wasa ko hoton dariya don ka sassauta, gobe shi za a nuna a ce kai ma kana so. Kada ka goge komai a WhatsApp, kuma ka adana ita wayar kanta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da saƙon ya fito daga gare ta kafin kotu ta karɓe shi. Ka daina shiga ofishinta kai kaɗai a rufe ƙofa. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, in da hali matarka, tun kafin wani ya riga ka kai mata labarin a juye.

Idan abin bai tsaya ba, ka kai koke a rubuce ga sashen ma'aikata ko wanda ke sama da ita, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka sanar da ƙungiyarku ta ƙwadago. Wanda ya riga kai koke a rubuce ya fi samun sauƙi idan daga baya aka juya masa zance. Kuma kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin ka ga lauya. Duk wannan haka yake idan ogan namiji ne.

An yi mini ta ƙarfi. Me zan yi a kwanakin farko?

Asibiti kafin komai, kuma cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Ana shan sa kwana 28. In za ka iya daurewa, kada ka yi wanka kafin likita ya duba ka, kayan da ke jikinka kuma ka naɗe su a takarda, leda na ɓata shaida. Akwai cibiyoyi na musamman da ke duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta kuma a asirce, irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano, cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, Nana Khadija a Sakkwato, da Mirabel a Legas. Suna karɓar maza da yara maza. Rahoton likitansu da rakiyar ma'aikacinsu kan canza yadda za a karɓe ka a caji ofis. Zuwa asibiti bai tilasta maka shigar da ƙara ba, wannan shawara taka ce.

Ni kuma sharri aka yi mini a ofis. Wane haƙƙi nake da shi?

Haƙƙin a gaya maka takamaiman abin da ake zarginka da shi a rubuce, a ba ka lokacin amsawa, a ji ta bakinka a gaban kwamitin da mai ƙara ko abokan rigimarka ba sa ciki. Ma'aikacin gwamnati da aka kora ba tare da an bi waɗannan matakai ba, kotu na iya mai da shi bakin aikinsa a biya shi albashinsa na baya. A kamfani mai zaman kansa yawanci diyya ake samu. Dakatarwa don a yi bincike ba hukunci ba ce, ko da yake a idon ma'aikata da maƙwabta an riga an yanke, kuma wannan tabo babu kotun da ke goge shi.

Kura-kuran da ke kayar da mutane a nan sanannu ne. Kiran mai zargin don "a fahimci juna", wanda gobe za a kira barazana. Tura dattawa gidan su da ban haƙuri, wanda za a kira amsa laifi. Rubuta "ina neman afuwa idan na ɓata wa wani rai" a amsar kweri saboda wani ya ce hakan zai kashe maganar. Goge saƙonni, alhali su ne za su nuna yadda hirar ta faro. Zuwa Facebook ka zage ta. Ka amsa kweri da abin da ya faru kawai, rana da lokaci da shaidu, lauya ya duba kafin ka miƙa.

Idan 'yan sanda suka kama ni a kan zargin fyaɗe fa?

Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce kai marar laifi ne har sai an tabbatar, sashe na 35 kuma ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na nesa. Kana da damar yin shiru har lauyanka ya zo, kuma kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba ko ba a fassara maka ba. Wahalar tana zuwa ne daga baya. Fyaɗe babban laifi ne da babbar kotu ke saurara, saboda haka majistare yakan tura mutum gidan yari ya jira shawarar ma'aikatar shari'a, jiran da kan ɗauki watanni. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke. Lauya na iya neman belinka a babbar kotu ba tare da jiran wannan shawara ba. Wannan jinkiri yana cutar da wanda aka yi wa ƙage, yana kuma gajiyar da wadda aka yi wa fyaɗe da gaske har ta haƙura.

Akwai hukunci ga wadda ta yi ƙage? Kuma yaya yawan ƙagen yake?

Akwai. Sashe na 8 na VAPP ya tanadi tarar naira 200,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba ga wanda da gangan ya yi ƙarya don a fara bincike ko shari'a a kan wani. Final Kod na da laifin ɓata suna a sashe na 391 da 392, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ana kuma iya neman diyya a ƙarar farar hula. Idan kuɗi aka nema a hannunka don a fasa "tona" ka, wannan ƙwace ne ta hanyar barazana, laifi ne mai zaman kansa. A shari'ar Musulunci ƙazafi bulala 80 ne. Wasu na ganin wata 12 ya yi kaɗan ga wanda ya so jefa mutum ɗaurin rai-da-rai, kuma ni ma ina ganin suna da hujja.

Sai dai a kula: sallamar wanda ake tuhuma ba ta nufin mai ƙara ta yi ƙarya, sau da yawa shaida ce ba ta isa ba. Kai ma sai ka tabbatar da cewa da gangan ta ƙirƙira. Game da yawa kuwa, hukumar gabatar da ƙara ta Ingila da Wales ta duba wata 17 tsakanin 2011 da 2012, ta tarar an gurfanar da mutum 5,651 kan fyaɗe, 35 kuma kan ƙagen fyaɗe. Wannan adadi na waɗanda aka kai kotu ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa masu cewa yawancin zargi ƙarya ne sun yi nisa da gaskiya. Ga mutum ɗayan da ƙagen ya faɗa wa kuwa, ƙarancin adadi ba ya rage masa komai.

Addini ya san da wannan matsala kuwa?

Ƙissar Annabi Yusuf (AS) ta tattara ɓangarorin biyu a jikin mutum ɗaya. Yana hidima a gidan Azizu, uwar ɗakinsa ta kulle ƙofofi ta neme shi, ya ƙi, ta juya zancen ta ce shi ya neme ta. Abin lura ga masu zaman kwamiti shi ne yadda aka warware: wani daga danginta ya ce a dubi rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne. Hujja aka duba, ba a dubi jinsi ko muƙami ba. Duk da haka daga baya kurkuku ya tafi, ya yi shekaru, domin masu iko sun fi son a rufe maganar.

Sauran ƙasashe yaya suke yi?

Afirka ta Kudu ta mai da ma'anar fyaɗe ta game kowa a 2007. A Nijar, kundin laifuffuka ya bi salon Faransa, ya yi magana a kan shigar jikin "wani" ba tare da ambaton jinsi ba. Gana rabi da rabi ce: fyaɗe a dokarta ta 1960 na mace ne, amma Dokar Ƙwadago ta 2003 ta faɗa ƙarara cewa ma'anar neman lalata ta shafi ma'aikaci ko namiji ne ko mace.

Indiya, inda Final Kod ɗinmu ya samo tushe, ita ce ƙasar da wannan muhawara ta fi zafi. Dokarta ta 2013 kan neman lalata a wurin aiki ta tilasta wa duk wurin da ke da ma'aikata 10 ko fiye ya kafa kwamitin karɓar koke, amma mace ce kawai dokar ta bai wa damar kai ƙara. Bayan fyaɗen da ya girgiza Delhi a Disamban 2012, gwamnati ta fitar da dokar wucin gadi a Fabrairun 2013 da ta game maza da mata, sai ƙungiyoyin mata suka yi ca, majalisa ta koma tsohon lafazi. Da sabon kundin laifuffukan ƙasar ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024, an cire sashe na 377, takwaran namu na 284, ba a sa komai a madadinsa ba. Baligin namijin da aka yi wa fyaɗe a Abuja yau ya fi na Mumbai madogara a doka.

Idan aka daidaita dokar, ba mata za a cuta ba?

Hujjar da aka kawo a Indiya ita ce mai laifi zai riga wadda ya cuta zuwa caji ofis, ko ya mayar mata da ƙara don ta ji tsoro ta janye. A ƙasar da mace ke shan wuya kafin a saurare ta, wannan fargaba ba ta banza ba ce. Amma maganinta hukunta mai ƙarar ƙarya da horar da masu bincike, kamar yadda aka yi bayani a tambayar ƙage. VAPP ta yi shekaru tana aiki da lafazin da ya game kowa, kuma ƙungiyoyin mata ne suka fi kowa fafutukar kafa ta da kare ta. Abin da ke ba ni haushi da wasu masu kiran kansu 'yan kare haƙƙin maza shi ne ba sa tuna yaron Rigasa sai ranar da wata mace ta zargi wani babba. Gyaran da ya rage a hannun majalisun jihohi yake: sauya lafazin sashe na 282, ƙara laifin tilasta wa namiji saduwa, da raba wanda aka yi wa dole daga sashe na 284 a rubuce.

Ba ni da kuɗin lauya. Ina zan nufa, kuma lokaci na ƙure mini?

Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa na da ofis a manyan biranen jihohi, tana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa na karɓar koke ba tare da kuɗi ba. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya na da lauyoyin da ke aikin sa kai. Idan wanda ya matsa maka jami'in gwamnati ne ko malamin jami'a, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na ɗaukar abin a matsayin amfani da muƙami don biyan buƙatar kai, kuma ta taɓa kai wani farfesa gidan yari a kan haka a 2018. Kotun Ma'aikata na zama a Abuja da Kano da Kaduna da Jos da Yola da sauran birane.

Game da lokaci, idan ma'aikatar gwamnati za ka kai ƙara, lauyoyinta kan ɗaga Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ba da wata 3 kacal daga ranar da abin ya faru. Kotuna sun yi saɓani a kan ko ta shafi ƙarar kwangilar aiki, don haka lissafa wata ukun daga ranar da aka miƙa maka takardar kora, ka shigar kafin su cika, ko da ana kan maganar sulhu.